Ƴan kasuwar Akokan, don Allah ku riƙa rubuta farashi



Tun ranar 31 ga Maris 2021 da COMINAK ta tsaida aiki, Akokan ta zama garin ƴan kasuwa ko ta so ko ba ta so ba. Kamfanin da aka kafa a 1974, ya soma fidda yuraniyom a 1978, shi ne dalilin gina garin nan, kuma rufewarsa ta bar ma'aikata wajen 600 ba aiki, ban da ɗaruruwan da ke cin abinci a ƙananan kamfanonin da ke yi masa kwangila. Wasu sun tattara sun koma garuruwansu. Waɗanda suka tsaya, kowa ya kama abin da ya iya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana shiga rami yau siminti yake saidawa, ko ya sayi mota yana jigilar kaya. Uwargida na yin kek da lemu da turaren wuta. Samari na saida wayoyi da batura da farantan hasken rana. Yawancin waɗannan mutane ba su da shago a bakin kasuwa. Shagonsu na cikin waya, a statu na WhatsApp da gurup-gurup na Facebook, kuma abin da suka rubuta a can shi ne zai sa a kira su ko a wuce.

Mu da aikinmu ya haɗa da karanta sanarwar mutane a gaban makirfo, kullum takardun talla na biyowa ta hannunmu, kuma irinsu muke gani a waya. Ra'ayinmu a fili yake: da yawa daga cikin masu sana'ar garin nan kayansu na da kyau, farashinsu ma da sauƙi, amma yadda suke rubuta talla na korar masu ciniki. Kuma gyaran abin bai buƙatar digiri.

Mu fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum zai sa hoton firigo ko atamfa ko buhun shinkafa, ya zuba addu'o'i da hotunan wuta da na zuciya, sai ka duba sama da ƙasa ba ka ga kuɗin ba. In wani ya tambaya a ƙasa, sai a ce masa ya zo PV. Mutum goma su tambaya, duk goman a tura su PV. To me ake ɓoyewa? Mai saye na da abin yi. Wani yana wurin aiki a SOMAÏR, hutun minti kaɗan ya samu ya leƙa waya. Wata tana da jikka goma a hannu, so take ta san ko za su isa kafin ta buɗe baki, don ba kowa ke son ya tambayi kuɗin abu sannan ya yi shiru da kunya ba. Irin wannan ba za ta zo PV ba, za ta wuce wajen wanda ya rubuta.

Mun san amsar da ƴan kasuwa ke bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Na farko, in ka rubuta farashi, maƙwabcinka zai gani ya rage dala ashirin ya ɗauke maka mutane. Na biyu, ciniki a wajenmu sai da tayi da albarka. Na uku, wanda ya fi ƙarfi, farashi ba ya zama wuri ɗaya a garin da kusan komai sai an ɗauko shi daga nesa. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyar kaya ta sake, abin da ke zuwa daga kudu sai ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit mai fiye da kilomita 600, wadda kowa ya san halin da take ciki, abin da ke zuwa daga Aljeriya kuma yau akwai gobe babu. Duk mun yarda. Amma maƙwabcin da kake tsoro, ai zai iya aiko ƙaninsa PV ya tambaya, cikin minti biyu ya sani. Shi ba ka ɓoye masa komai ba, mai saye kawai ka wahalar. Batun canjin farashi kuwa maganinsa kwanan wata: ka rubuta cewa wannan farashin ranar kaza ne. Mai son tayi kuma ka bar masa ƙofa da kalma uku, ana ragi kaɗan, ko mai sari ya kira.

Sai dai rubuta farashin ma akwai yadda ake yi, kuma a nan ne rigima ta fi yawa a ƙasarmu. Muna da lissafi biyu da ke tafiya tare. Na lekol da na takarda yana ƙirga faran. Na kasuwa yana ƙirga dala, kuma dala ɗaya faran 5 ce. A bakin kasuwa ɗari na nufin 500 F, ɗari biyu ita ce jikka, wato 1000 F, dubu kuma 5000 F. Yanzu ku duba. Yarinya ƴar lekol ta rubuta wa mahaifiyarta tallar turare, ta sa 500 kawai ba tare da komai a gabansa ba, tana nufin faran ɗari biyar. Wani yaro ya karanta wa kakarsa, ya ce ɗari biyar. Tsohuwa ta lissafa da dala, ta ga 2500 F, ta ce kai wannan tsada har ina, ta fasa. In abin ya juya kuma ya fi muni: mai kaya ya faɗi ɗari biyar a vokal yana nufin 2500 F, mai saye ya taho da 500 F a hannu tun daga Arlit, ya biya kabu-kabu, ya zo aka yi ta musu a ƙofar gida, kowa na rantsuwa kuma kowa na da gaskiya.

Masu hulɗa da Tamanrasat na da nasu ƙarin ciwon kai, domin ƴan Aljeriya a baki da santim suke lissafi, miliyan ɗinsu dinari 10 000 ne. Masu kawo kaya daga Kano kuma da naira a kansu. Gari ɗaya, lissafi huɗu.

Abin da muke yi a gidan rediyo shi muke ba ku shawara. A rubuce, a sa adadi da harafin F a gabansa, sannan a maimaita shi da kalmomi irin na kasuwa: 7500 F, jikka bakwai da rabi. Kalmar jikka ba ta da ruɗani, kowa ya san ta, daga ɗan lekol har tsohuwa. Kalmar dubu ce mai haɗa faɗa, a guje mata in ba za a fayyace ba. Kuma a ƙirga sifili kafin a tura. Tsakanin 15 000 da 150 000 sifili ɗaya ne, amma ya isa ya sa a ce da kai mayaudari.

Haka ma'auni. Buhu ba ma'auni ba ne sai an faɗi nauyinsa, domin akwai shinkafa mai kilo 25 akwai mai 50, kuma buhun albasar da ke saukowa daga Tabelot ba ɗaya yake da buhun siminti ba. Tiya ce ko kilo, kwali ne ko ɗaiɗai, atamfa turmi ce ko rabi, a rubuta.

Na biye da farashi shi ne rana da wuri. Kalmar gobe ta ɓata wa mutane da yawa tafiya. Ka rubuta cewa mota za ta tashi gobe zuwa Agadas, akwai wurin kaya. A ranar da ka rubuta, magana daidai ce. Amma saƙo ba ya mutuwa a waya. Wani ya tura shi gurup ɗin unguwarsu bayan kwana uku, wani ya sake turawa bayan sati, kowa ya karanta gobensa daban. Statu na WhatsApp shi kaɗai ke gogewa bayan awa 24, amma wanda aka ɗauki hotonsa ko aka tura gurup yana nan har illa ma sha Allahu. A rubuta sunan rana da kwanan wata da lokaci: Talata 14 ga wata, bayan sallar asuba. In kaya ya ƙare kuma, a koma a rubuta an sayar, ko a goge tallar. Ba abin da ke sa mutum ya daina kiran lamba kamar ya kira sau biyu a ce masa ai wannan tun watan jiya ya tafi.

Wuri kuma, a fara da faɗin gari. Mu da ke nan mun san Akokan daban Arlit daban, akwai tafiya tsakani da kuɗin mashin. Gurup ɗin da kake talla a ciki akwai ƴan garin nan da ke zaune Yamai, Maraɗi, Damagaram, har Libiya. Bayan gari sai unguwa, sai wata alama da ba ta motsi, masallaci ko makaranta ko famfo. Kusa da gidan Alhaji ba kwatance ba ne, alhazai sun yi yawa. In kana aikawa da kaya ta motar safa, ka faɗi wa zai biya kuɗin mota, kai ko mai saye, tun kafin kaya ya hau hanya.

Yanzu batun harshe, wanda mun san zai taɓa abokanmu ƴan boko. Mu ma lekol ɗin faransanci muka yi, an koya mana buɗe wasiƙa da « J'ai l'honneur » da rufe ta da jimla mai layi uku. Wannan na da wurinsa. In za ka rubuta wa SOMAÏR neman kwangila, ko ma'aikatar magajin gari, ko banki, ka rubuta da faransanci mai tsabta. Ko a can ma, shawararmu ita ce abin da kake nema ya fito tun a layin farko, da adadinsa da kuɗinsa da ranar da za ka iya kawowa, kuma kada takarda ta wuce shafi ɗaya. Wanda zai karanta yana da tarin irinta a gabansa. In sai ya kai ƙasan shafi zai gane ko ruwa kake son kawowa ko aikin walda kake nema, to takardarka ta shiga ƙasan tari.

Amma tallar fanke da yaji da kayan ɗaki, me ya kai ta faransancin ofis? Su wa za su saya? Garin nan ya tara Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa, Larabawa, Tubawa da Fulani, kuma in suka haɗu gaban tebur da Hausa suke ciniki. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ma ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ba ma sai an je ga doka ba, kasuwa ta riga ta yanke hukunci tuntuni. Ka rubuta da harshen da mai saye zai yi maka tayi da shi. In kayanka na masu zuwa daga daji ne, irin su abincin dabbobi ko igiya ko shayi da sukari, ƙara vokal da Tamashek ya fi maka layi goma na faransanci amfani. Wanda ke son ya haɗa biyu, ya sa Hausa a sama, faransanci a ƙasa, kowanne gajere.

Akwai masu cewa ba su iya rubuta Hausa ba, kunya suke ji. Gaskiya ne yawancinmu ba a koya mana ita a aji ba, shi ya sa muke rubuta ta da ƙa'idar faransanci: tchiniki maimakon ciniki, koudi maimakon kuɗi, djikka maimakon jikka. Ba mu ga abin dariya a nan ba, kuma masu gyara wa mutane rubutu a bainar jama'a su rage. Mutum na neman abincin ƴaƴansa, kai kana neman kuskuren harafi. In an gane saƙo, ciniki ya faɗa. Sai dai akwai inda harafi ke canza magana, musamman haruffan nan masu ƙugiya. Daidai daban, ɗaiɗai daban: in ka rubuta cewa ana saida kofuna daidai, ba wanda zai gane ɗaya-ɗaya kake nufi. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Madannin Gboard da ke cikin yawancin wayoyin Android yana da Hausa, a shiga saiti a ƙara ta, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su fito. Abu ɗaya za a kiyaye: a saƙon SMS na gargajiya, saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar harafi mai ƙugiya ya shiga sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru. A WhatsApp da Facebook babu wannan matsala.

Mu zo kan vokal, inda nan ne gonarmu. Ba za mu ce a daina ba, domin mutane da yawa a garin nan ba sa karatun boko, kuma su ma masu saye ne, wataƙila ma su suka fi saye. Amma jama'a, vokal na minti shida don saida katifa ɗaya! Minti na farko gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina ƙura. Na biyu labarin yadda kaya ya sha wahala a hanya. Ga kukan yaro, ga ƙarar mashin, ga wani na sallama ana amsawa. Farashi na can wajen minti na biyar, in ma an tuna. Wanda ke Tchibarakaten yana fama da rezo mai zuwa da tafiya, da megan da ya saya da tsada, ba zai sauke wannan ba.

A rediyo, talla ta daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar abin da ya wuce kalmomi saba'in zuwa tamanin, kuma ba wanda ke buɗe makirfo bai rubuta abin da zai faɗa ba, komai daɗewarsa a aiki. Wannan ne sirrin, in ma sirri ne. Kafin ka danna, ka rubuta abu huɗu ko biyar a bayan kwali, ko ka jera su a ka: wane ne kai, me kake saidawa, nawa, ina, yaushe. Sallama ɗaya ta wadatar, ba rashin ladabi ba ne, wanda ya kira sai ku gaisa har ku gaji. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ka faɗi sunanka ko sunan shagonka tun farko, domin vokal in an tura shi gaba ba ya tafiya da sunan mai shi. Lambar waya a ƙasar nan adadi takwas ce, a faɗe ta bibbiyu, a hankali, sau biyu. Sannan a bi vokal ɗin da layi biyu a rubuce masu ɗauke da farashi da lamba. Dalili: rubutu ana iya nemo shi bayan wata guda ta hanyar buga kalma ɗaya, vokal kuwa sai an bi ɗaya bayan ɗaya ana saurare.

Ga irin tallar da muke nufi, misali ne kawai muka ƙirƙira:

« Salamu alaikum. Akwai firigo mai ƙofa biyu na sayarwa a Akokan, an yi shekara uku ana aiki da shi. Yana sanyi sosai, amma robar ƙofar ƙasa ta saki, sai an canza. 85 000 F, jikka tamanin da biyar, ana ragi kaɗan. Ana iya zuwa gani kullum bayan la'asar har ranar Juma'a 20 ga wata. A kira wannan lamba. »

Ba ta kai kalma sittin ba, kuma ba tambayar da ta bari sai ta wanda ya shirya saye. Ku lura da maganar robar ƙofa. Wani zai ce wannan ai kashe wa kai kasuwa ne. Mu a ganinmu ita ce jimlar da ta fi kowace saida firigon, domin wanda ya karanta ta zai yarda da sauran. Addini ya hana ɓoye aibin haja, wannan kowa ya sani tun a makarantar allo. Ko da an ajiye wannan gefe, Akokan ba Kano ba ce. Wanda ka saida wa abu mai aibi za ku haɗu a masallaci, ku haɗu a wajen suna, matarsa da matarka suna adashe ɗaya.

Hoto ma haka. A daina sauko da hoton kaya daga intanet ana cewa ga shi ya iso. Ɗinkin da ke jikin wata baturiya ko wata ƴar fim ba shi ne wanda telanka zai ɗinka ba. Ka ɗauki hoton abin da ke hannunka, da rana, a inuwa, ka goge gilashin kyamara don ƙurar garin nan ba ta barin komai. Kalmomin nan da kowa ke zubawa, orijinal, lamba ɗaya, ba irinsa, sun gaji har ba sa cewa komai. Faɗin inda kaya ya fito ya fi su nauyi: lemun Timia, tafarnuwar Abzin, dabinon Aljeriya. Masu tallar magani kuma da ke jera cuta goma sha biyar wa kwalba ɗaya, daga basir har ciwon suga, wannan ba matsalar rubutu ba ce, kuma ba gyaran jimla da zai wanke ta.

Akwai haja ɗaya da faɗin asalinta ya wuce batun ciniki a garuruwanmu, wato tsofaffin ƙarafa. Tun a 2003 da masu binciken CRIIRAD na Faransa suka zo, da kuma zuwan Greenpeace a 2009, an samu ƙarafa masu ɗauke da burbushin yuraniyom ana saida su a kasuwar nan. Mutane na yin ƙofofi da su, da rufin ɗaki, har da kayan girki. Wanda duk ke tallar bututu, ganga, kwano ko wani ƙarfe na hannu, ya rubuta daga ina ya fito. Mai saye kuma ya tambaya, ba rashin kunya ba ne. In mai kaya ya kasa faɗa, a bar masa abinsa.

Sai maganar fushi, wadda ke iya kai mutum inda bai zata ba. Bashi ya yi yawa a gari tun da albashi ya ragu, mun sani. Ka ba mutum kaya, ya yi ta maka gobe-gobe, ya daina ɗaukar waya, kana ganinsa yana sa hotuna a statu. Zuciya ta ɗebe ka, ka ɗauki hotonsa ka sa a Facebook, ka rubuta ɓarawo a ƙasa. A wannan lokacin kai da ke bin bashi ka zama wanda za a iya kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna da zagi ta waya. A 2022 an cire ɗauri daga waɗannan laifuka, amma a watan Yunin 2024 an maido shi: shekara ɗaya zuwa uku a gidan kaso, da tarar miliyan ɗaya zuwa biyar. Saboda bashin jikka talatin. Hanyar da ta fi ita ce saƙo na sirri, a rubuce, ba zagi: ranar da aka karɓi kaya, adadin kuɗi, abin da aka biya, abin da ya rage, ranar da kake jira. Irin wannan saƙo shi ne shedarka gaban mai unguwa ko gaban hukuma. Zagi kuwa shedarsa ce a kanka.

Haka in mai saye ya yi ƙorafi a bainar jama'a. Kada ka amsa da zafi, kada ka tara ƴan uwanka su far masa. Masu karatu ba su san wa ke da gaskiya ba, yadda ka amsa kawai suke kallo. Layi biyu sun isa: ka ji, ga lambarka, ya kawo kayan a duba.

Batun kuɗi ta waya, a taƙaice. Yawancin cinikin nesa yanzu ta Nita, Amana ko Al Izza ake biya. Sunan da ke kan tallarka, da sunan da za a tura wa kuɗi, da lambar da ake kira, su zama ɗaya kullum. In yau ka ce a tura wa ƙaninka, gobe wa matarka, ka buɗe wa ɗan damfara ƙofa, domin ranar da ya kwafi hotunanka ya sa tasa lamba, ba wanda zai ga bambanci. Kada a sa hoton rasit mai ɗauke da lambar cirar kuɗi a gurup. Sanarwar ɗaukar ma'aikata kuma, wadda ke yawo duk lokacin da aka yi maganar buɗe sabon wurin haƙa, in ba ta da kwanan wata, ba ta da ofishin da za a je, kuma ta ce a tura kuɗin dosiye ta waya, kada ku tura ta gaba ko da da niyyar taimako ne. Masu neman aiki a garin nan sun sha isasshiyar wahala.

Wanda sana'arsa ta ɗan kafu ya sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 yake. Yana ba ka wurin jera kaya da hotuna da farashi, da lokutan aiki, da saƙon da ke amsawa in ba ka kusa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa na ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa zai samu, don haka ka riƙa roƙon masu saye su ajiye ta. Wannan ya fi jefa mutane cikin gurup ba da izininsu ba, abin da ke sa a toshe ka. Kuma talla ɗaya mai kyau a yini ta fi hoto arba'in a statu da ba wanda ke kai wa ƙarshensu. A Facebook, dogon rubutu ana yanke shi bayan ƴan layuka sai an danna a ga saura, saboda haka kaya da farashi su zo a sama, godiya da addu'a a ƙasa.

Masu kawo mana sanarwa gidan rediyo, ku ma roƙonmu ɗaya ne. Ku zo da ita a rubuce, ko da da hannu ne a takardar littafin yaro, da Hausa ko da faransanci, za mu daidaita. Sunayen mutane da na wurare a rubuta su da manyan haruffa don kada mu karanta ba daidai ba. A kawo ta kwana ɗaya kafin ranar da ake so ta fita, kuma a bar mana lambar wanda zai ɗauki waya in muna da tambaya, ba ta wanda ya tafi daji ba.